Tsakanin Kira Zuwa Ga Alheri Da Neman A Gani: Shelar Maulidi A Wayar Salula

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka: da zarar watan Safar ya raba tsakiya, wayoyin ƴan'uwa sukan fara nauyi. Daga Maradi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, kowace zawiya tana fitar da shelar Maulidinta, kuma kusan duk kamarsu ɗaya: koren launi, ƙubbar Madina a sama, hoton Shehu Ibrahim Inyass (Allah Ya ƙara masa yarda) a gefe, sai fuskoki jere a ƙasa, ta muƙaddami da ta babban baƙo da ta uban taro da ta alhajin da ya ba da sa. Rana da wuri, waɗanda dominsu aka yi takardar, suna can gindi da ƙananan baƙaƙe, sai mutum ya buɗa hoton da yatsu biyu kafin ya gan su. Samari suna ce wa wannan takarda afish. Ana tura ta zaurukan WhatsApp, ana liƙa ta a Facebook, wasu har suna biyan kuɗi don a nuna ta ga wanda bai nema ba.

A wata zawiya ta cikin Maradi, wani dare bayan an naɗe farin ƙyallen wazifa, saurayin da ke riƙe da wayar zawiya ya matso ya durƙusa, ya nuna wa muƙaddami abin da ya shirya. Wani dattijo, wanda ya karɓi ɗariƙa tun ba a haifi uban saurayin ba, ya leƙa ya kawar da kai.

Ya ce, "Shehi, wanga abu ban ga alherinsa ba. Mu da muka tashi, da fitilar ƙwai biyu ake Maulidi, kuma ana kuka har asuba. Yanzu ga injin wuta, ga amsa-kuwwa, kowa na kallon kansa cikin waya. Abin da aka yi don Allah, Allah Ya gani. Mi ya kawo Facebook ciki?"

Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, Allah Ya ba ka haƙuri. Wayar nan ko mun sa ko ba mu sa ba, cike take. Masu kiɗa sun sa nasu, masu sukar Maulidi sun sa nasu, kuma shi ƙannenmu ke ji kullum. In muka yi shiru, wa zai gaya musu ƙofarmu buɗe take?"

Muƙaddami bai yanke hukunci a daren ba, kuma ya kyauta, domin magana ce da ba a yanke ta a tsaye.

Dattijon yana da magabata. Ibnu Aɗa'illahi na Iskandariyya, wanda ya rasu a shekara ta 709 bayan hijira, ya kwatanta mai neman Allah da iri a cikin Hikam ɗinsa: wanda ba a binne ba, ko ya tsiro ba ya nuna. Duk wanda ya taɓa shuka gero a jigawar Dakoro ya san wannan ba sai an fassara masa ba. Ƙwayar da ta kwana a sarari ta tsuntsu ce. Akwai kuma hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, daga Abu Huraira (RTA), game da mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar alƙiyama: wanda aka kashe a fagen fama, da wanda ya yi ilimi ya karanta Alƙur'ani, da wanda ya ciyar da dukiya. Babu ko ɗaya da aka ce bai yi aikin ba. Abin da ya halaka su shi ne sun yi domin a faɗa, aka kuwa faɗa, ladansu ya ƙare a bakin mutane. Wanda ya dubi taron Maulidi da kyau zai ga ayyuka biyu daga cikin ukun nan su ne ginshiƙinsa, karatu da ciyarwa. Tsoron dattijo a wurinsa yake.

Saurayin ma ba marayan hujja ba ne. Da Musulmi suka zauna a Madina bayan hijira, sun yi shawara kan yadda za a riƙa tara mutane salla. An ambaci ƙaho, an ambaci ƙararrawa, an ambaci hura wuta. Sai aka nuna wa Abdullahi ɗan Zaidu (RTA) kalmomin kiran salla a mafarki. Annabi (SAW) ya gaskata mafarkin, sannan ya umarce shi ya koya wa Bilal (RTA), saboda muryar Bilal ta fi tasa kaiwa nesa. Ashe kaiwa nesa abin nema ne a addini, har an karɓi aiki daga hannun wanda ya yi mafarki an ba wanda ya fi murya. Ya tabbata kuma cewa wanda ya nuna hanyar alheri yana da lada irin na wanda ya aikata, kuma aya ta 271 ta Suratul Baƙara ta yabi sadakar fili, duk da ta fifita ta ɓoye. Shehu Ibrahim kansa, tun bayyanar Faila a 1929 har rasuwarsa a 1975, bai rufe ƙofa a Kaulaha ya zauna ba. Ya rubuta wasiƙu, an buga littattafansa, ya hau jirgi, an naɗi muryarsa. Da ɓuya ya zaɓa, da ba a san shi a Kano ba, da Kiyota ba ta zama abin da ta zama ba. An ruwaito kuma daga Fulailu ɗan Iyali cewa barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Wanda ya ƙi gaya wa unguwa ranar Maulidi don kada a ce yana neman suna, har yanzu bakin mutane yake kallo, ya dai juya masa baya ne.

Idan haka ne, shela kanta ba ta da laifi, kuma ba yau aka fara ta ba. Ladan yakan faɗa bayan sallar Juma'a. Mai shela yakan zaga kasuwa. Ana rubuta wasiƙa da ajami a damƙa wa direban tasha ya kai Tasawa ko Madarumfa. Daga baya aka riƙa kai sanarwa gidan rediyo a biya kuɗi a karanta. Babu malamin kirki da ya kira waɗannan riya. To me waya ta zo da shi wanda waɗancan ba su da shi?

Ta zo da ƙidaya. Mai shelar kasuwa idan ya gama yekuwa gida yake tafiya, bai san mutum nawa suka ji ba, ba shi da hanyar sani, shi ya sa yake barci. Wanda ya ɗora afish a sitatus ɗin WhatsApp kuwa, a cikin awa 24 da abin zai yi kafin ya ɓace, ana jera masa adadin waɗanda suka gani da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. A Facebook lambar tana nan ƙasan hoton, shi yana gani, abokin hamayyarsa ma yana gani. Kuma an gina waɗannan shafuka ne a kan ƙa'ida guda: abin da ya tsayar da ido shi ake ƙara nuna wa wasu idanu, domin tsayuwar idon ita ce hajar da kamfanin ke sayar wa masu talla. Saboda haka saurayi ba ya bukatar kowa ya koya masa. Yau ya sa rubutu zalla, mutum arba'in suka gani. Gobe ya sa fuskar sanannen malami, ɗari huɗu suka gani. Jibi ya sa bidiyon wani yana kuka a cikin zikiri, abin ya haura dubu. Kafin Rabi'ul Awwal ya kama, waya ta riga ta yi masa tarbiyya irin tata, ba tare da ya nemi izini ko ta ba shi sharaɗi ba.

Ɗan ɗariƙa ba baƙon ƙidaya ba ne. Safe da yamma yana jan istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari. A wazifa yana ƙirga talatin, hamsin, ɗari, sha biyu. Amma wannan ƙidaya ce da Shehu ya yanka mata iyaka. Idan ta cika sai a shafa, a mayar da tasbaha aljihu, kuma babu wanda ya san an yi sai Wanda aka yi dominSa. Ƙidayar waya ba ta da inda take cika. Wanda ya samu ɗari biyar yana hangen dubu, wanda ya samu dubu ya ji an ce zawiyar ƙetaren kwalta ta samu dubu uku. Babban yatsan da ke tura ƙwayar tasbaha shi ne dai ke shafa gilashin waya, kuma an sha ganin ɗan'uwa yana yin duka biyun a zama ɗaya, dama tana ja, hagu tana dubawa.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u don zargin son girma da riya. A wurinsa girma shi ne mallakar zukatan mutane, kamar yadda dukiya take mallakar abubuwa, riya kuwa ita ce neman wannan matsayi ta hanyar ibada. Bai hana bayyana aikin alheri ba idan ana fatan a yi koyi. Sai dai ya ba da ma'auni mai ɗaci: mutum ya ƙaddara an ce masa ya ɓoye nasa, mutane za su yi koyi da wani tsaransa, kuma ladansa ba zai ragu ba. Idan zuciyarsa ta ƙi, ta nace sai dai shi za a gani, to ba koyin yake so ba, kansa yake so.

Wannan ma'auni ya yi wa shelar Maulidi daidai kamar an ɗinka mata. A ce saurayin ya kwana yana gyara afish, ya kashe jika biyu na aljihunsa a kuɗin intanet, sai ranar taro mutanen unguwa suka ɗunguma zuwa Maulidin wata zawiya, suka yi salati can har asuba. Annabin da aka yaba shi ne dai Annabin. Salatin ya isa inda za shi. Idan abin da ya ji a ƙirjinsa farin ciki ne da ɗan kaɗaici, lafiya lau, ɗan Adam ne. Idan kuwa ɗaci ne, har ya fara lissafin laifuffukan muƙaddamin can, to ya gane wa ya yi wa shela.

A nan akwai wata maɓoyar rai da ba a cika lura da ita ba. Muridin da ya sha tarbiyya yana jin kunyar ya ce "ni". Ba zai taɓa rubuta cewa shi ne ya fi kowa zikiri a Maradi ba. Amma ba ya jin komai idan ya rubuta cewa zawiyarsu ce ta fi tara jama'a, Shehinsu ne ba a taɓa irinsa ba, Maulidinsu ne ya girgiza gari. Rai idan aka kore shi daga "ni" sai ya koma cikin "mu" ya yi shimfiɗa, kuma a can ya fi daɗewa, domin yana sanye da rigar soyayya. Mai yi yana ganin hidima yake wa Shehu, abokansa suna sa masa albarka, babu mai tsawata masa. Daga nan ne ake samun zawiyoyi biyu na unguwa ɗaya, silsila ɗaya, wuridi ɗaya, su sa Maulidi a dare ɗaya da gangan, kowace tana jiran safiya ta ɗora hoton taronta. Bayan taro sai a daina gaisawa. Alhali yana daga sharuɗɗan da kowane ɗan Tijjaniyya ya karɓa ranar da aka ba shi wuridi cewa ba zai yanke hulɗa da bayin Allah ba, balle ƴan'uwansa na ɗariƙa. Wazifar shekara ba ta gyara abin da gasar dare ɗaya ta ɓata idan ba a je an nemi gafarar juna ba.

Kiran salla, wanda saurayin zai iya kafa hujja da shi, yana da wata siffa da ya kamata ya tsaya a kanta. Sau biyar ake yin sa kowace rana a kowane gari, da mafi ƙarfin murya, kuma babu sunan ladan a cikinsa, babu na liman, babu na wanda ya gina masallacin. Sunan Allah ne da na ManzonSa, sai abin da ake kira zuwa gare shi. Babu shelar da ta kai shi yawan masu ji, babu kuma wadda ta kai shi ɓoye mai yin ta. A ɗora afish ɗin bana kusa da shi a gani.

Ba a ce duk fuskar da ke kan afish ta riya ce ba. Sunan malamin da zai yi karatu labari ne mai amfani. Wani saboda shi zai rufe shago ya zo, kuma zai ƙaru. Ambaton mai ba da gudummawa ma wani lokaci yakan zaburar da ɗan'uwansa ɗan kasuwa ya buɗe nasa aljihun. Amma a yi gaskiya: sau nawa ne dalilin ke nan? Mafi yawa ana sa hoton alhaji ne don an san idan ba a sa ba, baɗi babu sa. To an sayar masa da wuri a kan takarda, shi kuma an taimake shi ya ci ladansa tun a duniya, wanda ba taimako ba ne. Kuma tsohuwar da ta kawo tiya biyu ta shinkafa daga abin da za ta ci, da matan da suka kwana gaban murhu hayaƙi na cin idonsu, da almajiran da suka ɗebo ruwa, babu fuskar ko ɗayansu. Wataƙila su ne aka yi wa gata. (A gefe guda waya ta fi takarda: afish ɗin da aka buga aka liƙa a bango, da sunan Allah da na Annabi a jikinsa, bayan mako guda yakan faɗo a taka shi, ko a same shi an ƙunshe ƙosai da shi. Wanda ke cikin waya ba ya shiga kwata.)

Sai maganar gaskiya, wadda ba ta bukatar dogon bayani amma ita aka fi saɓawa. Ana rubuta sunan babban shehi a matsayin wanda zai halarta, alhali an dai aika masa, bai amsa ba, ko ma an san wakili zai turo. Ana ɗauko hoton cincirindon Kiyota ko na Madina Baye a ɗora ƙarƙashin sunan zawiyar da farfajiyarta ba ta cin mutum ɗari biyu. Ba a rubuta cewa nan ne ba, amma an bar mai kallo ya zata, kuma an san zai zata. Hadisin Asma'u (RTA) da ke cikin Buhari da Muslim ya kamanta mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Taron da aka haɗa don yabon wanda mutanen Makka suka laƙaba wa Al-Amin tun kafin aike, bai kamata ƙofarsa ta zama ƙarya ba, ko da ƴar ƙarama ce ta ado. Masu turawa ma suna da nasu kaso. An sha ganin afish ɗin bara yana yawo bana saboda wani ya ga koren launi ya tura ba tare da ya karanta shekara ba.

Kira kuma bashi ne. Wanda ya gayyaci mutum ya ɗauki nauyin tabarmarsa da ruwansa da makewayinsa. A da gayyata tana tafiya da ƙafa, saboda haka ba ta wuce ƙarfin mai gida da yawa. Yanzu danna ɗaya yana kai ta Mayahi da Gidan Rumji, ya ƙetare Ɗan Isa ya shiga Jibiya da Katsina. Idan Allah Ya sa mutane suka amsa, motoci suka sauke baƙi da magariba, aka tarar tukunya uku ce aka ɗora, to wa ya jawo? Dattijon da ya biya kuɗin mota daga ƙauye ya kwana a bakin titi da yunwa ba zai yi ƙorafi ba, zai ce don Annabi ya zo. Haƙurinsa bai sauke haƙƙinsa daga wuyan wanda ya kira shi ba. Haka maƙwabcin da aka toshe masa ƙofa da rumfa aka kafa amsa-kuwwa saitin tagarsa, yana da marar lafiya a ɗaki, kuma a Facebook ya fara jin labarin taron da za a yi a ƙofar gidansa. Kafin a tambayi saurayi mutum nawa shelarsa ta kai, a tambayi masu girki mutum nawa tukunyarsu za ta ɗauka, sannan a yanka shelar daidai da amsarsu.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne wanda shelar ba ta kai wa. Ya zo a Buhari da Muslim cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Babu zawiyar da za ta zauna ta ƙudurta haka. Amma idan gayyata ta koma cikin waya kacokan, sakamakon ɗaya ne ba tare da kowa ya nufa ba. Wa ke da babbar waya da kuɗin intanet da wutar caji? Ɗan kasuwa, ma'aikaci, ɗalibi, ɗan'uwan da ke Yamai ko Kwatano. Wa ba ya da su? Makahon da ke zama bakin masallaci, gwauruwar da ke bayan zawiya, mai turin ruwa, tsohon da ya yi shekara arba'in bai rasa zikirin Juma'a ba amma yanzu ƙafa ta hana. Mutumin Abijan ya san ranar Maulidi, wadda katangarta ke jingine da ta zawiya sai da ta ji ana gwada amsa-kuwwa. Wani afish ɗin ma da faransanci ake rubuta shi tun daga sama har ƙasa, a unguwar da ba a sayen ko goro da faransanci. Sai a tambaya: wa ake so ya karanta, wanda zai zo ko wanda zai yaba?

Saƙon murya na minti ɗaya da Hausa, wanda ya faɗi rana da wuri da lokaci da abin da za a karanta, ya fi afish goma kai wa irin waɗannan mutane, domin ko wanda ba ya karatu zai ji daga wayar jikansa. Sai dai shi ma bai maye gurbin sallama a ƙofar gida ba. Wanda aka tako aka gaya wa ya san an tuna da shi; wanda aka tura wa ya san yana cikin jerin lambobi. Tsofaffi suna gane bambancin ko ba su faɗa ba.

Akwai kuma shelar da ake yi bayan taro, wadda a gaskiya tallan baɗi ce: bidiyo. Watsa karatu kai-tsaye alheri ne ga marar lafiya da matafiyi. Amma idan Ishiriniya ta yi zafi, ko aka shiga Diwani wani bawan Allah ya kasa riƙe kansa, hawayen nan ba na zawiya ba ne da za ta yi talla da su. Sirri ne tsakaninsa da Ubangijinsa wanda ya ɓalle a gaban ƴan'uwa, kuma majalisi amana ne. Idan aka haska masa waya an cuce shi sau biyu: yau an tona shi ga masu dariya da masu neman abin suka, baɗi kuma zai zo yana sane da kyamara, ko ya danne abin da ke zuwa masa, ko, wanda ya fi muni, ya fara ƙirƙirar sa. Haka ɗaukar sashen mata ba da izininsu ba, da ɗaukar almajirai suna wawar tuwo don a nuna an ciyar.

Bayan kwana uku muƙaddami ya kira saurayin. Bai karɓe masa waya ba, bai kuma kira aikinsa wasa ba. Ya gaya masa hidima ce kamar shara da shimfiɗa, kuma mai shara ba ya rubuta sunansa a tsakar gida. Ya sa aka cire fuskoki, har da tasa, aka bar sunan malamin da ya tabbatar zai zo. Aka ɗaga rana da wuri zuwa sama da manyan baƙaƙe, da Hausa, boko da ajami. Ya aika aka tambayi zawiyar ƙetaren kwalta daren da suka tsayar, aka matsa gaba da kwana biyu, aka kuma ƙara layi ɗaya a ƙasa mai faɗin ranar tasu. Alhajin da ya ba da sa, muƙaddami da kansa ya je gidansa ya yi masa bayani. Bai ji daɗi ba, kuma ba a san abin da zai yi baɗi ba. Sannan ya ɗora wa saurayin sharaɗi biyu: idan ya tura, kada ya koma duba adadi sai bayan taro; kuma kafin ya tura, shi da abokansa su bi layin zawiya gida-gida su yi sallama. Sharaɗi na biyu ya cika shi a yini ɗaya. Na farko, ya faɗa da bakinsa cewa ya karya shi tun kafin isha'i.

Dattijon bai ce ya sauya ra'ayi ba, kuma da aka nuna masa sabon afish ɗin cewa ya yi duk ɗaya ne. Amma ana jibi Maulidi, bayan an shafa fatihar wazifa mutane suna neman takalma, ya riƙo hannun rigar saurayin ya ja shi gefe. Yana da ɗa da ya tafi neman kuɗi Libiya shekara huɗu ke nan, ba ya cikin kowane zauren zawiya.

Ya ce, "Ɗana, abin nan da kuke yi kai-tsaye, wanda ke Sabha yana iya ji?"

"Yana iyawa, Baba, in yana da intanet."

Dattijon ya laluba aljihu ya fito da wata ƴar takarda da ta sha ninki, lamba rubuce a jikinta da alƙalamin tawada.

"To ka tura mishi. Ka ce Ishiriniya bayan isha'i za a fara. Kar dai ka haska ni."